Daga Allon Kwangila Zuwa Teburin Edita: Yadda Ake Binciken Ƙwaƙwaf a Bauchi

Kwanakin baya wani yaro da ke koyon aiki a wani gidan rediyo ya same ni wajen mai masa a bakin kasuwar Wunti, waya a hannu, yana ta haki. Wai wani ɗan garinsu ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp cewa an cinye kuɗin asibitin ƙauyensu ƙaf, har da sunan wanda ya ci. "Baba, wannan ai badaƙala ce, yau da daddare zan sake ta." Na ce ya zauna ya ci masa tukuna. Nawa ne kuɗin? Bai sani ba. Wace hukuma ce ta ba da aikin? Bai sani ba. Ya je ya gani da idonsa? Rabonsa da garin tun ƙaramar salla. Abin da ke hannunsa muryar mutum ɗaya ce mai fushi, wanda ƙila gaskiya yake faɗa, ƙila kuma takarar kansila ya nema aka hana shi.

Abin da na gaya masa a kan bencin nan shi zan shimfiɗa a nan, da ƙarin abin da hayaniyar kasuwa ba ta bari na faɗa ba.

Duk wanda ya shiga ajin koyon aikin jarida ya ji labarin Watergate, sai dai ƙarshensa aka fi ba mu: wai 'yan jarida biyu sun kayar da shugaban Amurka. Farkonsa ya fi mana amfani. Da tsakar daren 17 ga Yunin 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a wani gini da ake kira Watergate a birnin Washinton. Labarin fasa ofis ne, irin wanda ake ba ƙaramin wakili. Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post ba su tashi da zargin Shugaba Richard Nixon ba. Cikin abubuwan farko da suka buɗe musu ƙofa akwai cak na dala 25,000, gudummawar da aka ba kwamitin yaƙin neman zaɓen Nixon, sai ga shi a asusun bankin ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan. Takarda guda, da lamba da kwanan wata, wadda ba mai iya ƙaryata ta. Daga nan zuwa murabus ɗin Nixon a ranar 9 ga Agustan 1974 an haura shekara biyu, kuma ba jarida kaɗai ta yi aikin ba. Akwai alƙali John Sirica, akwai kwamitin majalisar dattawa, akwai Kotun Ƙoli da ta tilasta masa miƙa kaset-kaset ɗin da ake naɗar hirarrakin ofishinsa. Kai ma naka cak ɗin za ka fita nema, ko da na burtsatse ne a wani ƙauyen Ganjuwa.

Mayar da ƙorafi tambaya

"An cinye kuɗin asibiti" ƙorafi ne. Ɗauki biro ka tsinka shi gida-gida: wane aiki ne, a kasafin wace shekara, nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka biya, me ke tsaye a ƙasa yau. Sannan ka gano kuɗin waye. Na tarayya ne, na jiha, na ƙaramar hukuma, ko tallafin wata ƙungiyar waje? Amsar wannan ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, domin mutanen ƙauye duk "gwamnati" suke kiransu, ba sa rarrabewa.

Kuma ka fara da ƙaramin abu. Matasa na son su fara da gwamna. Aji biyu na firamare, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya, kwalbati ɗaya da ruwa ya tafi da shi damina ta farko, irin waɗannan kake iya tabbatarwa ciki da waje da kuɗin motarka. Wanda ya iya kama ƙarya a aikin miliyan goma, ranar da na biliyan ya zo gabansa hannunsa ya riga ya faɗa.

Takarda

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancinmu muke gajiya.

In aikin tarayya ne, ka sauko da kasafin shekarar daga shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, ba a ƙarƙashin sunan ɗan majalisar za ka same su ba, ana rataya su ne a wuyan wata hukuma. Aikin ruwa a yankinmu kan faɗo ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ko ta Binuwai ta Sama, amma kada ka yi mamakin ganin fitilun kan titi a kasafin wata kwaleji ko cibiyar bincike da ke can wata jiha. Ka nemi sunan ƙauyen da rubutu iri-iri, don mai buga takarda a Abuja bai san bambancin ƙ da k ba, wani lokacin ma harafi biyu zai haɗiye. In na jiha ne, Bauchi da Gombe duk suna saka kasafinsu a intanet, tare da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku. Akwai kuma rahoton shekara na babban odita na jiha da na ƙananan hukumomi, takardun da kusan ba mai karantawa, alhali odita ya riga ya yi maka rabin aiki: ya rubuta kuɗin da aka fitar ba bauca, da kayan da aka ce an saya ba a gan su a sito ba.

Ga wurin da na ga an fi yin tuntuɓe. Warewa daban, sakewa daban, biya daban. Ana iya ware wa asibiti miliyan 50 a kasafi a ƙare shekara ba a saki ko kwabo ba. In ka fito ka ce an cinye miliyan 50 alhali ba su taɓa barin baitulmali ba, ka ba wanda kake zargi sandar da zai doke ka da ita, kuma gobe ko gaskiya ka kawo za a ce ai wancan ne mai ƙaryar nan. Don haka sai ka nemi shaidar biya. Tun Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin Open Treasury inda ake jera kuɗaɗen da ma'aikatu suka biya daga naira miliyan 5 zuwa sama. Ba kullum ake sabunta shi ba, amma shafin Govspend na ƙungiyar BudgIT ya tattara bayanansa yadda za ka iya neman sunan kamfani. Shirinsu na Tracka yana bin ayyukan mazaɓu gari-gari, hukumar ICPC mai yaƙi da rashawa ma tun 2019 take nata bibiyar tana fitar da rahoto. Ka leƙa, ƙila wani ya riga ka zuwa wurin.

Da ka sami sunan kamfani, sai hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Binciken farko a shafinsu kyauta ne: ranar rajista, adireshi, ko kamfanin na raye. Cikakken bayanin daraktoci kan buƙaci ɗan kuɗi, ko ka roƙi lauya ya nemo maka. Ka kula da kamfanin da aka yi wa rajista sati uku kafin a ba shi kwangila, da kamfanoni uku da suka "fafata" neman aiki ɗaya amma adireshinsu ɗaya. Ka taka da ƙafarka zuwa adireshin. Na taɓa zuwa na tarar da shagon cajin waya, yaron shagon bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Amma fa biri ya yi kama da mutum ne kawai, ba ka kama kowa ba tukuna. Sunan darakta ya zo ɗaya da na wani babba ba ya nufin ɗansa ne, Bauchi cike take da masu suna iri ɗaya.

Abin da ba ya intanet kuwa, doka ta ba ka damar ka nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayun 2011, ta ce kowane ɗan ƙasa na iya neman takardar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In ta yi shiru, doka ta ɗauka ta hana, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda don kada ka gani, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. An daɗe jihohi na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan jihohi ma.

Wasiƙar gajera ce, da Turanci, zuwa ga shugaban hukumar. Kada ka rubuta "ina son duk bayanan ayyukan lafiya", za a ce maka ana tattarawa har gashin kanka ya yi fari. Ka ambaci abu takamaimai: takardar ba da kwangilar gina asibiti kaza a gari kaza a shekara kaza, jadawalin kayan aiki da farashinsu, baucocin biya, da takardar shaidar kammala aiki tare da sunan wanda ya sa hannu. Wannan ta ƙarshen ita ce zinariya, domin in aiki bai ƙare ba aka biya, to akwai jami'in da ya rattaba hannu cewa ya je ya gani ya ƙare. Ka buga kwafi biyu, ka kai da kanka ofishin karɓar wasiƙu, kada ka motsa sai an buga wa naka hatimi da kwanan wata. Masinja zai ce, "Yallaɓai ba ya nan, ka dawo gobe." Ka ce, "Ba komai, Baba, ba Yallaɓai nake nema ba, hatimi kawai za a buga min." Ka zauna a kan benci da fara'arka. Sau da yawa ba za a amsa wasiƙar ba, amma kwafin nan mai hatimi zai shiga labarinka, kuma shi zai tsaya maka gaban alƙali.

Gani ya kori ji

Yanzu ka hau mota. Ka tafi da safe, in da hali ranar kasuwar garin, don ka sami mutane kuma baƙuncinka bai yi fice ba. Ka fara da gaida mai unguwa ko sarkin garin, ka faɗi sunanka da inda kake aiki. "Ranka ya daɗe, na zo ganin aikin asibitin nan ne da aka yi muku." Shiga gari ba sallama rashin kunya ne, kuma haɗari ne. Sai dai in aka haɗa ka da ɗan rakiya, musamman yaron kansila, ka san abin da za a nuna maka zaɓaɓɓe ne. Ka bi shi ka gama, ka yi salla, ka sake zagayawa kai kaɗai.

Allon kwangila shi ne abu na farko da za ka ɗauka hoto, kusa-kusa yadda kowane harafi zai karantu, domin allon nan yakan yi ɓatan dabo kwana biyu bayan an ji ɗan jarida ya zo. Ka kunna alamar wuri a wayarka don hoto ya riƙe inda aka ɗauke shi da lokaci. Sannan ka ƙirga. Takarda ta ce ɗaki shida da banɗaki huɗu da gado goma, kai nawa ka gani? Ka tafi da birkila ko injiniyan da ka yarda da shi, ya murza bulo da yatsa ya gaya maka buhun siminti ɗaya bulo nawa aka buga da shi, ya dubi kaurin kwano da rodi. Kai ba ka san wannan ba, kuma ba a so ka yi kamar ka sani. Maganar ruwa kuwa, mata da yara za ka tambaya, ta hannun matar da za ta shiga gida in kai namiji ne. Maza a dandali za su ce famfo na aiki don kada a ce sun kai ƙarar gwamnati. Wata tsohuwa ce ta taɓa ce min, "Ɗan nan, ranar da aka buɗe shi da tankar ruwa suka zo." Da wannan jimlar na san inda zan tona.

Bari in faɗi kuskurena don kada ka maimaita. Ina sabon shiga na sami aikin burtsatse a kasafi da sunan wani Sabon Gari a wata ƙaramar hukuma. Na je, na zagaya, ba burtsatse ba alamarsa, mutanen gari suka rantse ba su taɓa ganin injin haƙa ba. Na dawo ina murna na rubuta. Editana, Allah ya jiƙansa, ya ɗago kai ya ce, "Sabon Gari nawa ne a ƙaramar hukumar?" Uku ne. Burtsatsen na can a na biyun, yana zuba ruwa. Da labarin nan ya fita, da na ɓata wa bawan Allah suna a banza. Tun ranar ba na barin gari sai na tambayi gundumar da yake, da ko akwai wani mai irin sunansa.

Majiya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin masu kawo maka takardar sirri suna da abin da ya ɓata musu rai: an tsallake su a ƙarin girma, an raba ba a ba su ba, ko ubangidansu ya faɗi zaɓe. Wannan bai sa takardar ta zama ƙarya ba, amma dole ka san dalilin mutum kafin ka ɗauki kayansa. Majiyar Woodward ta sirri, wadda ba a san ko wacece ba sai a 2005, ashe Mark Felt ne, mutum na biyu a hukumar FBI, wanda aka tsallake shi wajen naɗa shugaban hukumar. Woodward ya fi amfani da shi wajen tabbatar da abin da ya riga ya samo daga wani wuri.

Ƙa'idar da Woodward da Bernstein suka bi ita ce majiya biyu da ba su san da juna ba kafin a buga zargi. Akanta da abokinsa da ya ji daga bakinsa majiya ɗaya ce. Duk da haka sun taɓa zamewa. A Oktoban 1972 suka rubuta cewa tsohon ma'ajin kwamitin zaɓen Nixon ya shaida wa masu bincike na kotu cewa H. R. Haldeman, shugaban ma'aikatan fadar Nixon, na cikin masu iko da wani asusun ɓoye. Gaskiya ne Haldeman na da iko da asusun, amma mutumin bai faɗi haka a gaban masu binciken ba, don ba a tambaye shi ba. Fadar White House ta kama wannan ɗan kuskure ta yi ta dukan jaridar da shi. Ka lura, gundarin zancen daidai ne, wanda aka jingina wa ne ba daidai ba.

Kare majiya kuwa amana ce da ke wuyanka har kabari. Kada ka adana lambarsa da sunansa na gaskiya. Ku yi magana ta manhajar Signal, ko ku haɗu ido da ido nesa da sakatariya. In ya ba ka hoton takarda, ka duba ko akwai sa hannu, lambar kwafi ko rubutun gefe da zai nuna daga teburin wa ta fito, ka sake buga abin da ke ciki maimakon ka saka hoton. Tsarin fallasa da ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fito da shi a Disamban 2016 ya yi alƙawarin lada ga mai tona asiri, amma tsari ne kawai, ƙaramin ma'aikacin da aka gano shi zai iya wayar gari an tura shi ƙauyen da ba hanya. Kada ka yi masa alƙawarin kariyar da ba ka da ita.

Ka ji ta bakin wanda ake zargi

Ba a tsallake wannan. Ka rubuta tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, ka aika wa hukumar da ɗan kwangilar da ɗan majalisar, ka ba su wa'adi mai ma'ana, kamar kwana uku zuwa biyar, ka adana shaidar aikawa. Ka yi wannan a ƙarshe, bayan hotuna da takardu sun shiga hannu kuma ka ajiye kwafinsu a wuri biyu. Wani lokacin amsarsu za ta rushe labarinka, sai ka gode wa Allah da ta zo kafin bugawa.

Abin da ya fi yawa shi ne kira. "Ƙanena, zo mu gana mana, ai ba a haka tsakaninmu." In za ka je, ka je ofis da rana, da abokin aiki, editanka ya san inda kake. Za a miƙo ambulan a ce na mai ne. Na san albashin gidajen jaridunmu, na san akwai waɗanda katin shaida kawai ake ba su a ce su je su ci da shi, don haka ba zan yi maka wa'azi daga kan tudu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ba ka yau shi zai ba da labarinka gobe a majalisarsu. In kuɗin zirga-zirga ne matsalar, cibiyoyi irin su ICIR da CJID da Cibiyar Wole Soyinka ta Binciken Ƙwaƙwaf suna ba da tallafin bincike da horo. In ambulan bai yi aiki ba sai a turo dattijo, ko limamin unguwarku, ko kawunka. Wannan ya fi ambulan wuya. Ka karɓe su da girmamawa, ka nuna musu hoton asibitin, ka ce in akwai kuskure a takardun a nuna maka ka gyara.

Rubutu da doka

Ka rubuta abin da ka tabbatar, ka tsaya nan. "Takardun biya sun nuna an ba kamfanin kaza naira kaza a watan kaza, wakilinmu ya tarar da gini ba rufi" ya fi "ɓarayi sun yi rub-da-ciki da kuɗin talakawa" ƙarfi nesa ba kusa ba. Kalmar ɓarawo ta alƙali ce. Ka bi labarin layi-layi da jan biro, kowace jimla ka tambayi kanka wace takarda, wane hoto ko wace murya ce ke bayanta. Wadda ba ta da madogara ka soke ta, ko da ita ce ta fi daɗi. Sannan lauya ya karanta.

Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida alhakin sa ido kan gwamnati, sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma a Arewa ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code, ana iya gurfanar da kai gaban majistare a kansa, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai ɗaurin da ya kai shekara uku, an sha kama 'yan jarida da shi, har bayan gyaran da aka yi masa a 2024. Ba tsoratarwa nake ba, tarihi ne. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. Dele Giwa na mujallar Newswatch bam aka aika masa cikin ƙunshin saƙo a gidansa na Ikeja ranar 19 ga Oktoban 1986, har yau ba a hukunta kowa ba. Nan gida, ranar zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 an kama mawallafin jaridar WikkiTimes a Duguri yana bakin aiki, ya yi kwanaki a tsare kafin beli. Saboda haka lambar lauya da ta shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na jiha su kasance a kanka, ba a waya kaɗai ba. In labarin na da zafi, ku buga shi tare da wata jarida ta Abuja ko Legas a rana ɗaya, bakin mutum ɗaya ake iya toshewa. Kuma a fassara shi a kai rediyo, don mutanen da aka ci kuɗin asibitinsu ba sa karanta Turanci.

Bayan an buga

Kada ka zauna jiran a kori wani. Watanni biyar bayan fasa ofishin Watergate, Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. Bayan ya sauka ma, magajinsa Gerald Ford ya yafe masa cikin wata guda. Abin da ya saura shi ne dokokin da suka biyo baya, na kuɗin yaƙin neman zaɓe a 1974 da na ɗa'ar ma'aikatan gwamnati a 1978, da kuma wutsiyar nan "gate" da duniya ke liƙa wa kowace badaƙala, har ta iso mu da Dasukigate a 2015, kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai.

Namu ma haka suke, kowanne da inda ya tsaya. A 1999 mujallar The News ta bankaɗo cewa kakakin majalisar wakilai Salisu Buhari bai yi digiri a jami'ar Toronto ba kuma ya ƙara wa kansa shekaru. Ya sauka, daga baya Obasanjo ya yafe masa, amma kalmar Toronto ta zama sunan takardar bogi, kuma tun daga lokacin tonon takardun makarantar ɗan takara ya zama makamin kowane zaɓe. Premium Times ta fito da batun takardar NYSC ta ministar kuɗi Kemi Adeosun a Yulin 2018, ta yi murabus a Satumba, tana cewa ba ta san takardar jabu ba ce. Bidiyon dalolin da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki a Oktoban 2018, gwamnan Kano na lokacin Abdullahi Ganduje ya musanta shi, ya ci zaɓen 2019, ɗan jaridar ne ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021. Babachir Lawal ya rasa kujerar sakataren gwamnatin tarayya a 2017 kan kwangilar yankan ciyawa, kotu ta sallame shi a 2022. Shi kuwa ɗan jarida Umar Audu, da ya ɓad da kama ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, kwanaki kaɗan da fitar labarinsa a ƙarshen 2023 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Akwai ɓangaren da ba na jin daɗinsa. Yawan badaƙala ya koya wa 'yan siyasa dabara: a ce aikin 'yan adawa ne, a saki sojojin baka a rediyo, a jira wata ta taso ta binne wannan. Jama'a kuma sun koma dariya, macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi a 2018 ya zama abin barkwanci a shayi. Maganin da na sani ɗaya ne, komawa. Ka sa rana a kalandarka, bayan wata ɗaya, bayan wata uku, bayan damina. Ka kai kwafin labarin da takardunsa ofishin ICPC da kwamitin kula da asusun gwamnati na majalisar jiha, a buga maka hatimi. Sau da yawa za ka tarar ɗan kwangila ya lallaɓo da daddare ya dasa ƙofofi, wannan ma labari ne, ka rubuta shi da adalci. Fayil ɗin kuma kada ka yar, mutumin nan zai sake neman kujera.

Yaron nan na Wunti ya kira ni shekaranjiya daga ƙauyen, iska na kaɗa wayar. Ginin na nan, an yi rufi, ba ƙofa ba taga, awaki ne a ɗakin haihuwa. Allon kwangilar ya faɗi, ya same shi an jingine a bayan wani rumbu, sunan kamfanin bai goge ba. Wanda aka ambata a saƙon muryar kuwa sunansa bai fito a ko'ina ba tukuna. Wasiƙarsa na ofishin hukumar da hatiminta, yau kwana huɗu.